Idon Baba na Dama

Ido ɗaya mahaifina yake da shi tun kafin a haife ni. Na hagun ƙayar aduwa ce ta ɗauke shi wajen sassabe yana saurayi, ya zama fari fat kamar an ɗiga masa nono. Na daman kuwa duk gidanmu gadinsa muke yi. Inna ba ta suya in yana zaune a tsakar gida, ba a daka barkono sai ya fita, ba a kaɗe tabarma kusa da shi. Da wannan idon yake karanta Alƙur'aninsa bayan asuba, da shi yake zura zare a allura ya ɗinke buhunan hatsi, da shi yake gane mutum tun daga bakin tabki. Ni kaɗai ce ba ya kallo da shi.

Ni ce 'yar fari. A wajenmu nan Madarumfa, uba irin na da yana jin kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya duban tsabar idonsa. In Baba zai yi mini magana sai ya juya fuska wajen rumbu ya ce, "Ke, kawo buta." Na girma, na yi lakkol, wato makarantar boko, na zama malama a garin Gabi, na yi aure na haihu, har yau dai "Ke" ce. Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma ƙarya nake in na ce abin bai ci mini rai ba, balle in na ga yadda yake kallon ƙanena yana dariya har da buga cinya.

Ƙanen nawa mai gyaran salula ne, yana da ɗan shago a bakin kasuwa. Magidanci ne da gemunsa da 'ya'yansa biyu, amma har gobe in ka bar rediyo kusa da shi za ka dawo ka tarar da hanjinta a waje. Masunta ne suka fara kunna shi. Sun ce tocilolin kasuwa ba sa kai haske ko tsakiyar tabki, shi kuwa ya ce zai haɗa musu wadda za ta kai tsallake. Ya samo ƙwan fitilar titi daga wata matacciyar fitilar sola, ya ciro batura daga tsofaffin ordinata, wato kwamfutoci, ya cusa su duka cikin gangar tocila ta roba. Haske kam ta yi, har sai da kaji suka ruɗe. Ba a daɗe ba robar ta narke ta zubo masa a bayan hannu. Tabon yana nan.

Daga ranar ya sami karatun da ya dinga maimaita mini har na gaji da ji: "Yaya, haske ba shi da wuya. Zahi shi ne aikin." Ya je wajen mai ƙera tukwane a bayan kasuwa, wanda yake narka gwangwanaye yana zuba tukwane da ludaya, ya sa ya zuba masa ganga mai kauri kamar kan taɓarya, jikinta duk tsaga-tsaga don iska ta ratsa ta kwashe zafin. Ya maƙala mata 'yar fanka a gindi. Sannan ya ciro wani ɗan ƙarfe daga mataccen dutsen guga na lantarki, wanda aikinsa shi ne ya yanke wuta in zafi ya yi yawa. Masunta suka yi layi a ƙofar shagonsa. Da ya tsaya a nan, da ban rubuta wannan ba.

Daminar shekarar nan tsuntsayen janbaki suka zo. Gonarmu kusa da tabki take, su kuma a itatuwan bakin ruwa suke kwana, da gari ya waye sai su sauko kamar hayaƙi. Lokacin tumu ne, ƙwayar hatsi tana da taushi, daidai yadda suke so. Baba yana da tasa dabarar ta tun fil azal. Akwai rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, daga ginshiƙanta igiyoyi suka miƙe ta ko'ina, an rataya musu gwangwanaye da leda da tsofaffin faya-fayan sede, waɗannan masu ƙyalli kamar madubi da ake sa wa na'urar kallo a da. A ja igiya, a yi ihu, tsuntsaye su tashi su sauka can gaba. Cikin kwana huɗu muryar Baba ta dishe.

Ƙanena ya gani a salularsa cewa a wasu ƙasashe da hasken leza ake korar tsuntsu. Ya sa wani direba ya kawo masa ƙwayarta daga Najeriya, wata 'yar aba da ba ta fi ƙwayar wake ba, ya dasa ta cikin irin gangar tasa. Ina gida hutun lakkol, sai ya kira ni shago da tsakar rana ya ce in zo in ga abin mamaki. Ya rufe ƙofa, ya rataya baƙar leda a bango, ya sa wani tabarau mai duhu, ya ce ni in tsaya bayansa. Wani ɗigon kore ya bayyana a jikin ledar, mai tsananin haske har ido ba ya son dubansa. Kafin in ce wani abu hayaƙi ya tashi, leda ta huje. Babu ƙara, babu harshen wuta, daga wancan bangon zuwa wannan.

Na ce, "Wannan ba hitila ba ce. Je ka jefa ta tabki."

Ya yi dariya. "Malama sarkin tsoro. Ke da ko ƙadangare ya gitta sai kin yi salati."

"Ka manta idon Baba guda ne?"

Nan ya daina dariya. Ya ce ya fi ni sani, shi ya sa ya kafa doka: ba a nuna ta ga mutum, ba a nuna ta ga dabba, ba a kunna ta sai da tabarau, kuma duk wani abu mai ƙyalli sai an cire shi daga gonar. Baba ya kwance faya-fayansa yana gunaguni, ya zuba su a jakar fatarsa. Bai yarda da abin ba, amma ba ya iya ce wa ƙanena a'a.

Gaskiya ta yi aiki. Da sassafe ko da yamma, in aka ja ɗigon nan a kan zangarnu, sai tsuntsaye su watse kamar an jefa musu maciji. Matsalar ita ce zafi. Ba ta daɗewa take ɗaukar zafin da ba a iya riƙe ta, sai ɗan ƙarfen dutsen gugar nan ya yi ƙas ya yanke wuta. Daga nan sai jira, jira mai tsawo, su kuma janbaki kamar sun san lissafin, sai su dawo su ci abinsu hankali kwance.

Ranar kasuwa ta zo, dole ƙanena ya buɗe shago. Ya kawo mini fitilar da tabarau ya ce in riƙe masa safiya ɗaya. Na ƙi, ya roƙe ni, ya ce hatsin shekara ne, ya ce Baba ba shi da murya. Na karɓa da hannu biyu kamar an miƙo mini jaririn wani. Ya ce, "In ta ɗauke, ki aje ta ta huta." Shi yana rantsuwa ya ƙara da cewa in danna maɓallin in kashe ta tukuna. Ni kuma ina rantsuwa ban ji ba. Mun daina wannan gardamar yanzu. Abin da dai babu wanda ya gaya mini shi ne, ɗan ƙarfen da yake yanke wuta in an yi zafi, shi ne kuma yake mayar da ita da kansa in an huce.

Na hau rumfa rana tana fitowa. Na kunna, na ja ɗigon can nesa, tsuntsaye suka tashi. Na yi ta yi har na fara jin kaina wata jaruma. Sai ƙas, haske ya ɗauke, fanka ta yi shiru. Gangar ta yi zafi kamar murfin tukunya. Na cire tabarau na share gumi, ina kallo janbaki suka dawo suka lulluɓe gefen gabas, Baba yana can ƙasa yana ɗaga hannu yana ihun da ba ya fita.

A jikin ginshiƙin rumfar akwai bidon, wato jarkar ruwan shanmu, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Babu macen da ta tashi a ƙasarmu da ba ta san wannan ba: in kana son abu ya yi sanyi, ka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu ka rataya inda iska take kaɗawa. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya yi aikin. Na kwance buhun, na ƙara masa ruwa, na naɗe gangar, na soke ta a gwafar ginshiƙi inda igiya take ɗaure, bakinta yana kallon ƙasa-ƙasa, yana bin igiyar. Har daɗi na ji. Na ce a raina yau zan nuna wa mai ilimin zafi cewa mata sun riga shi.

Shi kuma Baba ya gaji da jiran abin da ba ya aiki. Ya zo da jakarsa, ya tsaya a jikin wannan igiyar, taku ashirin ko ƙasa da haka daga rumfa, zai mayar da faya-fayansa. Ya ba ni baya, kamar yadda ya saba tun ina yarinya. Ya ɗauko faifai ɗaya ya ɗaga shi kusa da fuskarsa, daidai idonsa mai gani, yana neman ramin da zai zura tsumma ya ɗaure. Tunda bayansa ya ba ni, fuskar faifan mai ƙyalli ni take kallo, ni da abin da na soke a gwafa.

Na ji ƙas.

Faifan da ke hannunsa ya kama da kore gaba ɗaya. Na faɗa kan fitilar da jikina, na fizge ta na kifa bakinta a kan karan rumfa, ina danna duk abin da yatsana ya samu. Duka-duka bai fi tsawon atishawa ba. Na leƙa ƙasa. Baba yana tsaye yadda yake, faifan ya faɗi a gindin hatsi. Sai ya zauna a hankali a kan kunyar gona.

Ban san yadda na sauko ba. "Baba! Baba, lahiya?"

Ya murza idon, ya buɗe, ya sake murzawa. Can ya ce, "Ke, hadari ne ya taso?"

Sama wasai take, ko ɗigon gajimare babu.

Ya ɗaga hannunsa ya riƙe shi a gaban fuska, yana juya shi. "Ikon Allah. Ga yatsu ina gani. Tahin hannun ne babu."

Na durƙusa na duba idon. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin babu komai. Babu jini, babu ja, ko hawaye babu. Ido lafiyayye yana kallon iska. Da ya fashe da na san abin da zan yi wa kuka. Na tambaye shi ko yana ciwo, ya ce ko kaɗan, sai dai duk inda ya duba kamar wani ya dangwala yatsa a baƙin tukunya ya shafa a tsakiya.

Na kama bakin sandarsa na shiga gaba, shi yana riƙe da gindinta, haka muka ratso gari. Mutane suna gaishe shi yana amsawa da sunayensu, da murya yake gane su, babu wanda ya gane abin da ya faru. Da muka kusa gida ya ce, "Ke, share huskarki. Kar ki shiga ma uwarki da kuka." Ban san ta yaya ya san ina kuka ba.

Inna ta ɗauko kwalli za ta zizara masa. Maƙwabciyarmu ta ce a nemo mai shayarwa ta ɗiga masa nono. A ranar na yi wa mahaifiyata tsawa, karo na farko a rayuwata, na ce kada wanda ya taɓa idon nan. Na kira ƙanena. Ya zo a guje, ya ga Baba, ya karɓi fitilar daga hannuna ya ji danshin buhu a jikinta. Ya dube ni, na dube shi. Ya fita neman mota.

A Maradi wata likitar ido ta ɗiga masa magani, ta sa haɓarsa a kan na'ura, ta daɗe tana leƙawa. Ni ina tsaye a jikin bango ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, rabi ina haɗa ta da wata. Likitar ta ce ƙuna ce, a can bayan ido, a wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar hatsi ba, kuma da wannan ɗan wurin ne mutum yake karatu, da shi yake gane fuska. Ba a yin aiki a wurin. Akwai kumburi, zai sauka, sai a jira makonni. Abin da ya dawo ya dawo, abin da bai dawo ba sai haƙuri. Ta tambayi yadda aka yi. Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Ni ne, likita. Yara sun hana ni, na ɗauko madubi da hannuna na tare wuta."

Makonnin nan ban taɓa jin tsoro irin nasu ba. Kullum bayan asuba Baba yana zama a inda ya saba, ya buɗe Alƙur'ani a kan cinyarsa, ya fara karatu. Ni kuma ina laɓe a bayan ƙofar ɗakin Inna, ba karatun nake saurare ba, ƙarar takarda nake jira. In yana gani zai juya shafi. Muryarsa takan yi ta tafiya, aya bayan aya, har rana ta fito, ban ji takarda ta motsa ba. Da ka yake yi. Gobe in sake laɓewa.

Janbaki suka cinye rabin gonar, babu wanda ya ko ambata. Ƙanena ya ciro 'yar ƙwayar nan ya ɗora a kan dutse ya yi ta dukanta da guduma har bayan ta zama gari. Ni kuwa na daina cin tuwo. In yaro ya wuce da tocila sai in kau da kai. In na ga koren abu yana ƙyalli, ko murfin kwalba ne a ƙasa, sai in kauce. Inna ta yi ta cewa ƙaddara ce, na sani ƙaddara ce, amma ƙaddarar da hannuna ta jiƙa buhu.

Ranar komawa wajen likita ban iya zuwa ba. Na shirya har na sa mayafi, a bakin ƙofa na juya na koma ɗaki. Ƙanena ne ya kai shi. Da suka dawo na tare shi a zaure, ya ce da sauƙi, baƙin ya ragu, gefe-gefe duk ya washe, zai je masallaci da gona shi kaɗai ba mai ja masa sanda. Na ce karatu fa? Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Hutu ya ƙare. Ranar da zan koma Gabi na je yin sallama. Baba yana zaune a kan buzunsa a tsakar gida, Alƙur'anin yana gefe a cikin gafakarsa. Na durƙusa nesa kaɗan kamar kullum na ce, "Baba, zan tahi."

Sai ya juyo ya dube ni. Kai-tsaye, tsakiyar fuskata. Shekara talatin da wani abu ina son wannan kallon, ga shi ya zo. Na ce shi ke nan, ya san komai, yau ce ranar hisabi. Maganar da na riƙe makonni ta ɓalle.

"Baba, ba ku ba ne. Ni ce na naɗe ta da buhu, ni na aje ta tana kallon igiya, ban kashe ta ba, ni ce na..."

Ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ban ganin ki haka."

Ya juya fuskarsa a hankali wajen rumbu. Ya ɗan dawo da ita, ya sake kaiwa kaɗan, kamar mai neman tasha a rediyo. Sai ya tsaya, daidai yadda na san fuskarsa tun ina rarrafe.

"Yauwa. Ga ki nan." "Kin rame. Mi ya hana ki cin tuwo?"



"Likita ta zaunar da ni wai za ta koya mini dabara," in ji shi, fuskarsa tana wajen rumbu. "Wai in ina son ganin mutum, in kau da kai in dube shi ta gehen ido. Na ce mata wanga ba sabon aiki ba ne, akwai wadda na daɗe ina yi ma haka." Ya lalubo carbinsa a kan buzu. "Ke, tashi. Mota za ta tahi ta bar ki."